Ƴar Tsana a Zamanin Allon Waya: Shin Barbie Za Ta Kai Labari?

A ranar 9 ga Maris, 1959, a wajen baje kolin kayan wasa na birnin New York, kamfanin Mattel ya fito da wata ƴar tsana ta roba mai tsawon kimanin santimita 29, sanye da rigar ninƙaya mai ratsin baƙi da fari, ana sayar da ita dalar Amurka uku. Sunanta Barbie. Yau ta haura shekara sittin da biyar, kamfanin kuma yana cewa ya sayar da fiye da biliyan ɗaya daga cikinta. A tsawon waɗannan shekaru, duk sa'ad da wani sabon abin wasa na lantarki ya ɓullo, tambaya ɗaya takan dawo. Game Boy ya zo a 1989, Tamagotchi a 1996, Furby a 1998, iPad a 2010, ga kuma wayar salula da ta shiga kowane gida. Yarinyar da ta saba da abin wasa mai haske da sauti, wanda idan ta taɓa shi yake amsa mata, me za ta yi da guntun roba da ko ido ba ya ƙiftawa?

Tambayar tana da ma'ana, amma a ganina an saba amsa ta ba tare da duba tarihin ita kanta ƴar tsanar ba. Wanda ya bi tarihin zai tarar da abu biyu. Na farko, ƙarfin ƴar tsana yana cikin shirunta, kuma duk lokacin da aka yi ƙoƙarin sa mata baki domin ta yi gogayya da na'ura, sai abin ya ci tura. Na biyu, haɗarin da ke gabanta ya fi ƙarfin maganar ciniki: tana iya ci gaba da sayuwa a kanti alhali wasan da aka yi ta dominsa yana mutuwa.

Asalin abin

Ruth Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Mattel, ita ce ta ƙirƙiro Barbie. Ta lura da ɗiyarta Barbara tana wasa da ƴan tsana na takarda, tana canza musu kaya, tana ba su matsayin manyan mata masu zuwa aiki da biki. A lokacin, mafi yawan ƴan tsanan da ke kasuwar Amurka jarirai ne, yarinya ba ta da rawar takawa da su sai ta uwa. A 1956, a wata tafiya da ta yi zuwa Turai, Ruth ta ga wata ƴar tsana ƴar Jamus mai suna Lilli, mai surar cikakkiyar mace, wadda aka samo daga zanen barkwanci na jaridar Bild, kuma tun farko manya ake sayar wa. Daga nan ta ɗauki samfuri.

Abin da Ruth ta gano shi ne yarinya ba reno kaɗai take so ba, tana so ta gwada zama babba tun kafin ta girma. Abin da kamfanin ya gano kuma shi ne kuɗin yana cikin tufafi. Ƴar tsanar sau ɗaya ake saye, amma riga da takalmi da jaka da gida da mota ba su da iyaka. Wannan ne ya bambanta ƴar tsanar ado da sauran ƴan tsana, kuma a nan masu suka suka fi kama ta. Shekara biyu kafin haihuwar Barbie, marubucin nan na Faransa, Roland Barthes, ya yi wani gajeren sharhi kan kayan wasa a littafinsa Mythologies na 1957. Ƙorafinsa shi ne kayan wasan kanti suna miƙa wa yaro duniyar manya a gama, a ƙanƙance, ta yadda yaron zai tashi yana mai mallaka da amfani, bai koyi ƙirƙira ba. Wanda ya kalli kwalin Barbie da tarkacen da ke biye da ita zai ce kamar da ita yake.

Sai dai Barthes ya kalli abin wasan ne, bai zauna ya kalli wasan ba. Kamfani yana sayar da likita ko matuƙiyar jirgi, ya rubuta a kwali. Kwana uku bayan an kai ta gida, likitar ta zama amarya, ko malamar lakwal mai duka, ko kishiya, an aske mata rabin gashi, an ɗaura mata ƙyalle a matsayin zane. Kwali ba ya iya hana wannan, domin ƴar tsanar ba ta da bakin da za ta ce ita ba haka take ba. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da kamfani ya nufa da abin da yarinya ta aikata shi ne rayuwar ƴar tsana.

Duk lokacin da aka sa mata baki

A 1992 Mattel ya fitar da Teen Talk Barbie, mai magana. An tanadi jimloli 270, kowace ƴar tsana tana faɗin huɗu daga ciki. Ɗaya daga cikin jimlolin tana kukan cewa darasin lissafi yana da wuya. Ƙungiyar mata masu ilimin jami'a ta Amurka ta yi ca a kan kamfanin, cewa ana koya wa ƴan mata tsoron lissafi, ala tilas aka cire jimlar. A shekara ta gaba wasu masu zanga-zanga suka sayi ƴan tsanan, suka musanya na'urar muryarsu da ta sojan roba G.I. Joe, suka mayar da su kantuna, sai ga soja yana zancen sayayya, Barbie tana kirarin yaƙi. Darasin a fili yake. Muddin tana shiru, kowa yana iya ɗora mata abin da yake so. Ranar da ta buɗe baki, ta zama mai ra'ayi, kuma mai ra'ayi ba ya rasa abokin faɗa.

A 2010 aka yi wadda aka dasa wa kyamara a ƙirji, har hukumar FBI ta fitar da gargaɗi ga jami'anta kan yiwuwar miyagu su yi amfani da ita. A 2015 aka kai ƙarshen lamarin da Hello Barbie, wadda ake haɗawa da intanet. Yarinya za ta danna maɓalli ta yi magana, a naɗi muryarta a tura wa kwamfutocin wani kamfani mai suna ToyTalk, a zaɓo amsa daga cikin jimloli kusan dubu takwas da aka rubuta tun da farko. Iyaye da masu kare haƙƙin yara suka tambaya: asirin da yarinya take faɗa wa ƴar tsanarta a ɗaki, wa ke saurare, kuma ina ake ajiye shi? Ba ta daɗe a kasuwa ba. Wata takwararta ta wani kamfani, My Friend Cayla, ta gamu da abin da ya fi haka, domin a Fabrairun 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta ta, ta ɗauke ta a matsayin na'urar leƙen asiri, ta ce iyaye su lalata ta.

Ko a gefen kasuwanci ma, tsoron na'ura ya taɓa kai Mattel ga babbar asara. A 1999 ya sayi kamfanin manhajojin yara na The Learning Company a kan fiye da dala biliyan uku, da nufin kada zamanin kwamfuta ya bar shi a baya. Cikin shekara guda cinikin ya zama ƙarfen ƙafa, shugabar kamfanin Jill Barad, wadda ita ce ta ɗaga cinikin Barbie zuwa ƙololuwa, ta sauka a farkon 2000, aka rabu da sabon kamfanin kusan a kyauta.

Akwai wani gwaji guda da ya yi nasara, kuma nasararsa tana ƙarfafa wannan magana. A 1996 an fitar da faifan kwamfuta mai suna Barbie Fashion Designer, aka sayar da fiye da rabin miliyan cikin watanni biyu. Aikinsa shi ne yarinya ta zana riga a kwamfuta, ta buga ta a kan wata takarda mai kama da yadi, ta yanke, ta sa wa ƴar tsanarta ta gaske. Na'urar ta tsaya a matsayin tela, ba ta karɓe wasan ba.

Wa ya taɓa girgiza ta?

Idan aka duba lokutan da Barbie ta shiga tsaka mai wuya, za a ga mafi yawansu wata ƴar tsana ce ta jawo su. A 2001 kamfanin MGA ya fito da Bratz, ƴan mata huɗu masu manyan kai da manyan leɓɓa, launin fatarsu daban-daban, shigarsu irin ta mawaƙan zamani. A Ingila har sun zarce Barbie a ciniki a 2004. Mattel ya kai ƙara yana cewa wanda ya zana su ma'aikacinsa ne a lokacin, aka shafe shekaru ana shari'a. A 2014 kuma ƴan tsanan fim ɗin Frozen ne suka ture ta daga matsayi na ɗaya a jerin abin da iyayen Amurka suka ce za su saya wa ƴaƴansu mata a bikin Kirsimeti.

Daga 2012 zuwa 2015 cinikin Barbie ya faɗo daga kusan dala biliyan 1.3 zuwa kimanin miliyan 900. Shekarun nan su ne shekarun da kwamfutar hannu ta bazu a gidajen Amurka da Turai, don haka da sauƙi a ɗora mata laifin, kuma lalle tana da nata kaso. Amma maganin da ya yi aiki bai shafi lantarki ba. A Janairun 2016 kamfanin ya fito da sababbin surori uku, mai jiki da doguwa da gajera, da launin fata iri bakwai. Daga baya aka ƙaro mai keken guragu da mai ƙafar roba. Iyaye mata da suka daɗe suna ƙin sayen ƴar tsana mai ƙugun da ba a taɓa ganin irinsa a jikin ɗan Adam ba suka fara dawowa. A 2021, a tsakiyar zaman gida na annobar korona, lokacin da yara suka fi kowane lokaci kallon allo, cinikin ya kai kusan dala biliyan 1.7. Da a ce allo da ƴar tsana ba sa zama inuwa ɗaya, da a shekarar ce za ta mutu.

Wannan magana ta kamanni ta shafe mu kai tsaye. A 2003 kamfanin NewBoy ya fito da Fulla a ƙasashen Larabawa, mai abaya da mayafi, ta karɓu ƙwarai. A Legas, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007 bayan ya nemi baƙar ƴar tsana zai saya wa ƴar ɗan'uwansa ya rasa. A cikin ƴan tsanansa akwai Azeezah, wadda aka yi a matsayin Bahaushiya, tare da Nneka da Wuraola. Jikin daga Sin ake kawo shi, a Legas ake yin kitso da ɗinkin atamfa. A ƙarshen 2015 kuma Haneefah Adam, ƴar Najeriya, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna da hannunta tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, abin ya zaga duniya. Sai a Nuwamban 2017 Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar Ibtihaj Muhammad, ƴar wasan takobi ta Amurka da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016. A labarin Haneefah, allura da zare ne suka yi aikin, waya ta kai shi inda ƙafa ba za ta kai ba.

Abin da allo yake ci

Kada wannan ya sa a ɗauka babu abin damuwa. Allo ba ya buƙatar ya kori ƴar tsana daga kanti kafin ya yi mata illa. Abu uku yake ci.

Na farko lokaci. Wasan ƴar tsana yana son dogon zama da ɗan kaɗaici, irin zaman da yaro zai rasa abin yi har ya ƙago. Waya ba ta barin yaro ya rasa abin yi. Uwa tana girki, yarinya ta dame ta, sai ta miƙa mata salula, an sami sauƙi, amma sa'ar da a da za a yi bikin ƴar tsana a cikinta ta tafi.

Na biyu shekaru. Masu sana'ar kayan wasa sun daɗe suna kukan cewa yara suna barin ƴar tsana da wuri fiye da iyayensu mata. Yarinyar da a da za ta riƙe ta har ta kusa balaga, yanzu tun tana ƴar shekara bakwai ko takwas take ganin ta wuce nan. Sha'awar ado ba ta bar ta ba, wuri ta canza. Wasan Dress to Impress da ya shahara a dandalin Roblox a 2024 shaida ne: a ba ki jigo, a ba ki ƴan mintuna ki shirya mutum-mutuminki, ki fito fage, sauran ƴan wasa su ba ki taurari. Wasan ƴar tsanar takarda ne na Barbara ya dawo, sai dai yanzu da agogo a kai da alƙalai a gefe. A tsohon wasan babu wanda ke faɗuwa. A sabon, yarinya tana koyon yin ado domin a ba ta maki.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga mai sha'awar adabi, shi ne labari. Yarinya mai ƴan tsana biyu a hannu marubuciyar wasan kwaikwayo ce. Ita ke raba matsayi, ita ke yin murya biyu, ita ke haɗa faɗa ta kuma sasanta. Dole ta shiga zuciyar wadda aka yi wa laifi da ta wadda ta yi laifin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Cardiff, aka wallafa a 2020, ya auna ƙwaƙwalwar yara 33 ƴan shekara huɗu zuwa takwas, ya gano cewa sashen da ke aiki wajen fahimtar tunanin wasu yana motsawa sosai idan yaro yana wasa da ƴar tsana ko da shi kaɗai ne, fiye da idan yana wasa shi kaɗai da kwamfutar hannu. Wajibi ne a faɗi cewa Mattel ne ya ɗauki nauyin binciken, yaran kuma ba su da yawa, don haka a riƙe shi da hannu biyu. Amma duk wanda ya taɓa laɓewa ya saurari ƴan mata suna wasa ya san abin da ake nufi.

To, a nan kamfanin da kansa yake sare reshen da yake zaune a kai. Domin ya riƙe yara, ya cika YouTube da Netflix da finafinan Barbie, ya ba ta murya da hali da ƙawaye da tarihi. Yarinyar da ta kalli waɗannan kafin a saya mata ƴar tsanar, labarin da aka riga aka rubuta za ta maimaita. Ƙorafin Barthes, wanda kwali bai iya tabbatarwa ba, allo yana neman tabbatar da shi.

Fim ɗin 2023 da abin da ya nuna

Fim ɗin Barbie na Greta Gerwig, wanda Margot Robbie ta fito a ciki, ya tara fiye da dala biliyan 1.4, ya fi kowane fim ciniki a 2023, duk da cewa wasu ƙasashe irin su Kuwait da Aljeriya sun hana nuna shi. Da yawa sun ɗauke shi hujjar cewa ƴar tsanar ta fi ƙarfin zamani. Ni ina ganin ya kamata a yi hattara da wannan hujja. Ba don ƙananan yara aka yi fim ɗin ba, a Amurka ma an sa masa alamar jan hankalin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Waɗanda suka cika gidajen sinima sanye da ruwan hoda manyan mata ne da suka zo gaisawa da ƙuruciyarsu. Cinikin ƴar tsanar kanta a shekarar ƙaruwarsa ba ta taka kara ta karya ba, a 2024 ma ya sake yin ƙasa.

Abin da fim ɗin ya tabbatar shi ne sunan Barbie yana da rai. Suna kuwa yana iya rayuwa a riga da jaka da fim da akwatin gilashin masu tara kayan tarihi, ko da babu yarinya ɗaya da ke zaune a ƙasa tana yi mata kitso. A Yunin 2025 Mattel ya sanar da haɗin gwiwa da kamfanin OpenAI domin shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin kayayyakinsa. Idan wannan ya kai ga ƴar tsana mai hira ba iyaka, za ta fi Hello Barbie iya zance nesa ba kusa ba. Amma gwargwadon iya zancenta, gwargwadon raguwar abin da ya rage wa yarinya ta faɗa.

Amsar tambayar

Ƴar tsanar ado za ta ci gaba da sayuwa, domin tana da abin da allo ba shi da shi. Ana riƙe ta, ana goya ta, ana kwana da ita, ba ta cin batir, ba ruwanta da ɗauke wuta ko ƙarewar data, kuma iyaye da yawa suna sayenta ne musamman don su raba yaro da waya. Za ta rasa manyan yara, ta riƙe ƙanana, ta kuma sami manya masu begen da. Wannan shi ne hasashen da tarihinta ya fi goyon baya.

Mu da muka san ƴar tsanar kara da ta totuwar masara da ta tsumma, da ƴan mata masu zuwa wurin tela roƙon ƙyalle, da tuwon ƙasa da ake tuƙawa ranar bikin ƴar tsana, bai kamata wannan muhawara ta zame mana baƙuwa ba. Waccan ƴar tsanar ko fuska ba ta cika samu ba, amma an yi mata aure da suna, an yi yaji an yi biko a kanta. Ta roba ƴar Sin da ake saya wa yara da salla a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ita ma wannan aikin take yi, muddin an bar yarinya da ita. Saboda haka uba ko uwar da ke tsaye gaban mai kayan wasa, tsakanin mai batir da marar batir, tambayar da ta fi amfani ita ce: idan an kai wannan abu gida, wa zai riƙa yin magana, shi ko yarinyar? Wanda ya bar mata maganar shi ya fi cancantar kuɗin, ko da sunan wane kamfani ne a jikin kwalin.